SVT-40: bindigar da masu ita suka gaji da ita, abokan gaba kuma suna wawaso

Akwai wani abu mai ɗaure kai a tarihin yaƙin duniya na biyu game da bindigar Sobiyet ɗin nan da ake kira SVT-40. Sojan da aka ƙera ta dominsa kullum cikin ƙorafi yake, wai cijewa take, wai wahalar sha'ani gare ta, wasu ma in sun samu dama musanya ta suke da tsohuwar Mosin mai sakatar hannu wadda aka fara amfani da ita tun 1891. Shi kuwa sojan Jamus da ke can ɗaya ɓangaren, in ya tsince ta a filin daga ba ya wuce ta, rataya abarsa yake ya ci gaba da yaƙi da ita, har hukumar sojinsu ta yanka mata lamba ta musamman, 259(r), ta kuma buga musu littafin koyon aiki da ita. Sanyi dai ɗaya ne ke dukansu, laka ɗaya suke takawa, harsashin ma iri ɗaya ne tunda shi ma ganima ce. To me ya faru?

Bari mu fara da irin bindigar da ake magana a kai. Akwai wadda in ka harba sai ka ja sakata da hannunka, kwanso ya fita, ka tura sakatar ta ɗauko sabon harsashi, sannan ka sake saiti. Irin ta ce Mosin, irin ta ce Kar98k ta Jamusawa. Akwai kuma mai ɓarin wuta wadda in dai yatsanka na kan kunama ba ta tsayawa. SVT-40 tana tsakiya, ita ke ɗana kanta amma taɓa kunama ɗaya harsashi ɗaya. Yadda take yi shi ne, akwai ɗan rami a jikin bututun kusa da baki, in harsashi ya wuce sai wani kaso na hayaƙin albarushin ya bi ta ramin ya daki fistin, fistin ya daki sakata ta koma baya ta tofar da kwanso, sifirin ya dawo da ita ta ɗauko na gaba. Duk cikin ƙiftawar ido. Amfanin a fili yake, idonka ba ya barin saiti, kuma abin da mai Mosin zai harba wajen 10 a minti kai za ka yi 20 zuwa 25.

Fedor Tokarev ne ya ƙera ta, mutumin nan da ya yi ƙaramar bindigar TT-33, kuma lokacin ya doshi shekara 70 don an haife shi a 1871. Kafin ita Sobiyet sun gwada ta wani maƙerin bindigogi mai suna Simonov, AVS-36, ba ta yi musu yadda suke so ba. Sai ta Tokarev ta ci gasa aka karɓe ta da sunan SVT-38, aka tafi da ita yaƙin hunturu da Finland daga ƙarshen Nuwamban 1939 zuwa Maris 1940, kuma tun a can ƙorafi ya fara, an ce ta yi tsawo, ta yi nauyi, magazin kan faɗi ya ɓace a dusar ƙanƙara, gyaranta kuma sai an zauna. Aka koma aka yi mata kwaskwarima, aka rage mata sama da rabin kilo, ta fito da sunan SVT-40, masana'antar Tula ta fara buga ta a Yulin 1940. Nauyinta ba harsashi kilo 3.85, tsawonta ya ɗan haura mita 1.2, magazin mai cin 10 wanda ake cirewa, kuma ana iya cika shi ta sama da irin ƙarfen jera harsashi biyar-biyar na Mosin. Shirin da aka yi shi ne kashi ɗaya cikin uku na bindigogin kowace rundunar sojan ƙasa su zama SVT, kuma ba wasa suke ba, a 1941 kaɗai an ƙera sama da miliyan ɗaya.

Sai ranar 22 ga Yunin 1941 ta zo, Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet. Lissafa ka gani, daga fara ƙera bindigar zuwa ranar ko shekara guda ba a cika ba. Cikin wata shida sojojin Sobiyet wajen miliyan uku aka kama, ban da waɗanda suka mutu, kuma a cikinsu akwai mafi yawan waɗanda aka zauna aka koya wa SVT a lokacin zaman lafiya, tare da saje-sajen da suka san kanta. Bindigogin ma dubbai ɗaruruwa suka salwanta, da yawa suka koma hannun Jamusawa. Waɗanda aka kwaso don cike gurbi kuwa kurata ne da magidanta da aka kira daga gonakin gwamnati da masana'antu, horon 'yan makonni, wani ma bai kai haka ba, a miƙa masa bindiga a ce ga fagen daga can.

To a nan ne ya kamata a duba abin da wannan bindiga take nema daga hannun mai riƙe da ita, don a nan rigimar take.

Abu na farko, kuma shi ne uwa uba, ɗan makunnin daidaita hayaƙi. A gaban bindigar can kusa da baki akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa biyar, kowace fuska da lambarta, 1.1, 1.2, 1.3, 1.5, 1.7, kuma kowace lamba girman ramin da hayaƙi zai bi ne. In ramin ya yi ƙanƙanta fistin ba ya samun ƙarfi, sakata ta je rabin hanya ta dawo, kwanso ya maƙale a ƙofa ko kuma ya fita amma ba a ɗauko sabo ba, ka ja kunama ka ji ƙyas. In ramin ya yi girma kuma sakata ta riƙa dukan bayan bindigar da ƙarfin tsiya, maƙatar da ke zaro kwanso ta iya yage masa gindi ta bar sauran a ciki, kayan ciki su riƙa gajiya kafin lokacinsu. Kuma lambar da ta dace ba ɗaya ba ce kullum. Sabuwar bindiga da tsohuwa ba ɗaya ba, rani da hunturu ba ɗaya ba, mai tsabta da wadda ta sha harbi tun asuba ba ɗaya ba. A wajen injiniya wannan dabara ce mai kyau, kuma gaskiya dabara ce, bindigogi da yawa na bayan yaƙi sun zo da irin ta. Amma fa juya wannan ɗan ƙarfe sai da sufana ta musamman, 'yar ƙarama, irin abin da ke ɓacewa a makon farko. Ka ɗauka ga mutum cikin rami a watan Disamba kusa da Mosko, sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri, yatsu sun sandare, in ya cire safar hannu ƙarfe ya kama masa fata, bindiga ta fara harbi ɗaya-ɗaya tana tsayawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗancan lambobin suna da ma'ana. Me zai ce? Cewa zai yi bindigar banza ce, kuma a inda yake tsaye ba ƙarya ya yi ba.

Na biyu shi ne mai da giris. Bindigogin kan fito daga ma'ajiya a dame da giris mai kauri don kar su yi tsatsa, kuma ƙa'ida ita ce a wanke shi tas kafin a fara aiki, a shafa mai kaɗan wanda ya dace da yanayi. In ba a wanke ba, da sanyi ya sauko giris ɗin daskarewa yake, sakata ta ƙi motsi ko allurar da ke dukan harsashi ta yi sanyin jiki ta kasa tayar da shi. In kuma rani ne, mai da yawa ƙura yake kamawa ya zama kamar kwaɓi. Mosin ma tana daskarewa fa, kar a ɗauka waliyiya ce, amma ita hannun mutum ne injinta, in ta cije sai ka daki hannun sakatar da tafin hannu ko da dunduniyar takalmi ta buɗe. SVT kuwa iya ƙarfin da hayaƙi da sifirin suka ba ta shi ke nan, in bai isa ba bai isa ba.

Ga kuma harsashin zamanin, sinadarin da ke tayar da shi yana barin wani irin gishiri mai jawo tsatsa. A Mosin bututu da fuskar sakata kawai za ka goge. A SVT wannan hayaƙi mai gishiri yana bi ta cikin fistin da gidansa, wato sai an kwance gaban bindigar an goge ƙananan ƙarafa, in an bar su kwana biyu cikin danshi sai fistin ya kama. Kwance ta kuma ba abin a yi a guje ba ne, murfin saman sai ka tura shi gaba kana riƙe da sifirin, in ya kuɓuce maka ya yi tsalle ya faɗa cikin dusar ƙanƙara ko ciyawa da dare, to sai dai wani ikon Allah.

Na uku ba laifin soja ba ne ko kaɗan, ba kuma laifin Tokarev ba ne. Harsashin Rasha, 7.62×54R, yana da leɓe a gindi wanda ya fi jikin kwanson faɗi. A magazin dole leɓen na sama ya zauna a gaban leɓen na ƙasa, in aka yi kuskure ya faɗa baya sai ya harɗe, sakata ta turo ya ƙi tafiya. An ƙirƙiro wannan harsashi ne tun 1891 don bindigar sakatar hannu, kuma ƙasar na da shi jibge a rumbuna, ba wanda zai yarda a canza. Haka Tokarev ya yi aiki da abin da ya samu. Magazin ɗin ma ba kowanne ke shiga kowace bindiga lafiya ba, har lambar bindigar ake rubuta wa magazin ɗinta, to in naka ya ɓace ka ɗauko na wani, sai yadda ta yiwu.

Sai batun rage nauyin nan da aka yi ta murna da shi. Harsashin mai ƙarfi ne sosai, bindigar kuma an fafe ta ta ko'ina don ta yi sauƙin ɗauka, bututu siriri, katako siriri, jikin ƙarfen ma an rage. Sakamakon shi ne bututu na saurin zafi, ƙota kan tsage ta wajen wuya, kuma ba ta jure irin jifa da duka da Mosin ke sha ta tashi. Ni a ganina wannan ne babban kuskuren da aka yi mata daga sama, an sayi sauƙin ɗauka da juriya. Nauyin da aka cire soja zai ji daɗinsa a tafiyar kilomita 30, amma ranar da ƙota ta tsage ba abin da rabin kilon zai yi masa.

Yanzu a dawo kan Jamusawa. Me ya sa su ba su yi wannan kukan ba? Abu ɗaya dai, sojan Jamus na 1941 ya samu cikakken horo, tsaftace makami kuma a wajensu kamar ibada ne, kofur na tsaye a kanka. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, wanda ya ɗauki bindigar ganima shi ya zaɓa da kansa, mai sha'awar ta ne, zai zauna ya koyi kanta, in ta lalace kuma ya jefar ya koma wa Kar98k ɗinsa ba wanda zai tuhume shi, ba kuma rahoton da za a rubuta. Shi kuwa ɗan Sobiyet ba a tambaye shi ba, kuma ita kaɗai gare shi. Don haka yabon Jamusawa yabo ne na wanda ya zaɓa, kukan Sobiyet kuka ne na wanda aka ɗora wa, bai kamata a ɗora su a sikeli ɗaya kai tsaye ba. Amma ko a cikin Sobiyet ɗin ma akwai shaida, sojojin ruwa da aka sauko da su yaƙin ƙasa a wurare irin su Odessa da Sevastopol, mutanen da suka saba da injuna a jirgi, sun riƙe SVT da kyau, hotunansu na lokacin cike suke da ita. Sojoji har sunan mace suka laƙaba mata, Sveta. Finland ma ta kama dubbai ta yi amfani da su.

Sannan Jamusawa ba su da wata tasu mai kyau, da babu gara ba daɗi. Labarin tasu ma abin dariya ne in ba don rayuka da aka yi asara ba. Hukumar makamansu ta kafa sharaɗi cewa kar a huda bututu, don tsoron ramin zai lalata shi. Sai kamfanonin Mauser da Walther suka ɓullo ta wata hanya, suka sa wani ƙoƙo a bakin bindiga yana tare hayaƙi bayan harsashi ya fita, shi ke tura fistin. Ita ce G41. Kunkunniya ta riƙa cika ƙoƙon, tsatsa ta bi, gaban bindigar ya yi nauyi, gaba ɗayanta ta doshi kilo 5, magazin kuma a manne yake ba ya cirewa. Ta Mauser ma da ta bi duk sharuɗɗan sau da ƙafa, har da hannun sakata na ko-ta-kwana, 'yan dubbai kawai aka yi aka watsar. Ga sojoji masu horo, ga tsafta, amma bindiga ta ƙi. Wannan ya nuna horo ba ya gyara ƙirar da ta karkace tun daga tushe. Ƙarshenta Walther suka zauna da SVT ɗin ganima suka kwaikwayi tsarin fistin ɗinta, suka huda bututun da aka ce kar a huda, suka sa magazin mai cirewa mai cin 10, aka samu G43 a 1943, wadda aka ƙera wajen 400,000 kafin yaƙi ya ƙare. A lokacin da masu SVT ke janye hannu daga gare ta, abokan gaba cikinta suke kwafa.

Kwatancen da ya fi koyar da abu shi ne da M1 Garand ta Amurka, don ita kaɗai ce mai ɗana kanta da ta zama bindigar kowane sojan ƙasa a wancan yaƙi. Mutane kan yi maganarta kamar daga sama ta faɗo cikakkiya, alhali ba haka ba ne. John Garand, haifaffen Kanada da ke aiki a masana'antar Springfield, ya shafe shekaru yana fama kafin a karɓe ta a 1936, kuma ta farkon irin tarkon hayaƙi a baki gare ta, dangin na G41, sai a 1940 aka koma huda bututu. Akwai kuma wata cuta da ta yi suna, bindiga ta harba shida lafiya ta cije a na bakwai, aka bi diddigi aka gano wani ɗan gefe ne a cikin jikin bindigar ake aske shi fiye da kima wajen ƙira, aka gyara. A gwajin da sojojin kundunbala na ruwan Amurka suka yi a San Diego a ƙarshen 1940, da aka zo wajen yashi da laka da ruwan gishiri, tsohuwar Springfield ta 1903 mai sakatar hannu ce ta fi jurewa, kuma da ita mafi yawansu suka sauka tsibirin Guadalcanal don yaƙar Japan a Agustan 1942. Ruwan sama mai yawa ma kan wanke man Garand har ta cije, shi ya sa aka riƙa ba soja ɗan ƙaramin kwanon giris yana ajiyewa a ramin da ke cikin ƙota. Wato ita ma ta yi ciwon yarinta iri-iri. Bambancin shi ne ta yi shi a gida, cikin shekara biyar na zaman lafiya daga 1936 zuwa ƙarshen 1941, injiniyoyi na kusa, masana'anta ba wanda ke jefa mata bam. SVT-40 kuwa a fagen fama aka ce ta warke, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ba sa'a ce kaɗai ba, akwai zaɓin da aka yi a ƙirar. Garand ba ta da makunnin hayaƙin da soja zai juya, rami ɗaya ne, an ƙayyade shi a masana'anta. Ta fi SVT nauyi, wajen kilo 4.3, kuma ƙarfen da aka bari a jikinta shi ke shanye dukan. Harsashinta ba shi da leɓe, babu zancen harɗewa. Babu magazin da zai ɓace, harsasai takwas ne ke zuwa a jere cikin wani ɗan ƙarfe tun daga masana'anta, ka danna shi gaba ɗaya ta sama da babban yatsa, sakata ta rufe, ka harba takwas, ƙarfen ya yi tsalle ya fita da ƙara, ƙofa na buɗe tana jiran wani. Kwance ta don goge-goge na yau da kullum kuwa ba sai da sufana ba, ka ja gadin kunama ta rabu gida uku. Saitinta ɗan rami ne kusa da ido wanda ake murɗawa da yatsa ana jin ƙas-ƙas, kuma kurtu ya fi saurin kama shi a kan irin tsagar da ke can a kan bututun SVT.

Tana da nata tsiyar dai. In ka harba uku kana son ƙara uku ba abu ne mai sauƙi ba, yawanci sai dai a fitar da sauran a sa sabon jeri. In ba ka da wannan ɗan ƙarfe bindigar ta koma mai cin ɗaya-ɗaya. Sannan ga cizon da ta yi suna da shi, in kana danna cikinta ba komai ka yi sakaci sakata ta rufe a kan babban yatsanka, farce ya yi baƙi, sojojin Amurka har suna suka ba wannan ciwo. A takarda ma SVT ta fi ta, 10 a kan 8, ta fi sauƙin ɗauka, magazin mai cirewa, ana iya daidaita ta. Amma duba inda kowacce ta ajiye wahalarta. Wahalar Garand a yatsa take, ka koya rana ɗaya ka wuce wurin. Wahalar SVT tana buƙatar hukunci, wace lamba yau, wane mai, wane magazin, kuma hukunci ba a koya shi a mako biyu. A riƙe a harba, SVT ba ta da wuya, akwai ma tsagogi a bakinta da ke rage mata shuri, sai dai ƙarar kan kusa toshe kunnen na kusa da kai. Riƙon ta na wata da watanni ne aikin, kuma mutane kan haɗa waɗannan biyun su kira su sauƙin amfani alhali hanyarsu daban.

Wani zai ce ai Garand ba ta ga sanyin Rasha ba. Haka ne, ba a fage ɗaya suka yi yaƙi ba. Amma ta ga na Koriya a ƙarshen 1950 wajen tafkin Chosin, inda sanyin bai gaza na Mosko ba, kuma a can ƙorafin ya fi yawa a kan ƙaramar M1 Carbine, ita Garand in an goge mata mai an bar ta kusan a bushe ta fi riƙe amana.

Abin da ya kashe SVT a ƙarshe ma ba ƙorafin soja ba ne kaɗai, lissafin masana'anta ne. A Oktoban 1941 tankokin Janar Guderian na Jamus sun iso bakin Tula, aka kwashe injuna aka ɗora a jirgin ƙasa zuwa Mednogorsk can wajen tsaunukan Ural, aiki ya tsaya cak na wani lokaci. Ƙasa na neman bindigogi miliyoyi yanzu-yanzu, SVT ɗaya kuma tana cin lokacin inji da ƙwararren hannu da za a yi Mosin fiye da ɗaya. Sai aka ce masana'antar Izhevsk ta koma wa Mosin gadan-gadan. A 1942 Mosin sama da miliyan uku aka buga, SVT kuwa ta faɗo daga miliyan ɗaya zuwa wajen 260,000. Ɓarin wutar da ake nema a kusa kuma wata gajeriyar bindiga mai ɓarin wuta, PPSh-41, ta ɗauke shi, ƙarfe ne ake bugawa a lanƙwasa, kusan kowace masana'anta na iya yi, an ƙera wajen miliyan shida, kuma koya wa kurtu ita ba ya cin rana.

Maharban nesa ma an gwada su da ita, an yi wajen 50,000 masu madubin hange, akwai hotunan shahararriyar maharbiyar Sobiyet, Lyudmila Pavlichenko, riƙe da irin ta. Amma harsasanta kan watse sama da ƙasa, musamman na farko ba ya faɗawa inda sauran ke faɗawa, wanda a wajen mai harbi ɗaya tak wannan ba ƙaramin aibi ba ne. A 1942 aka dakatar da ƙera mai madubin, aka ɗauki madubin PU da asali dominta aka yi shi aka ɗora wa Mosin. A shekarar kuma saboda ƙarancin bindigogin mashinga aka fito da AVT-40 mai ɓarin wuta, wato aka ɗauki bindigar da dama an fafe ta aka ce ta yi aikin mashinga, ƙota ta riƙa karyewa, kwanso na tsagewa a ciki, kuma wani kaso na baƙin jinin da ake jingina wa SVT daga nan ya samo asali.

In aka tambaye ni, cewar da wasu ke yi wai bindigar ba ta da laifi sojojin ne ƙauyawa, zalunci ne. Waɗannan mutanen su ne suka tuƙa tankokin T-34 har Berlin, ba wai kansu ba ya ja ba ne, lokaci ne ba a ba su ba, sufana da man hunturu ma ba kullum suke isowa ba. Wanda ya yi odar bindiga don rundunar miliyoyi ya san irin hannun da za ta faɗa, in ya karɓi wadda sai mai horon wata shida ke iya riƙe ta, to ya yi caca ne cewa yaƙi zai jira shi. Haka kuma cewar wai bindigar banza ce bai tsaya ba, tunda injiniyoyin Walther ba za su kwafi banza ba.

An daina ƙera ta a farkon 1945, jimilla wajen miliyan 1.6, Garand kuwa a yaƙin kaɗai an yi wajen miliyan huɗu. Mai ɗana kanta da Sobiyet suka karɓa bayan yaƙi ta Simonov ce, SKS, a 1949. Sakatarta mai karkata ce irin ta SVT, fistin ɗin ma dangin juna ne, amma harsashin ya koma ƙarami marar leɓe, 7.62×39, magazin mai cin 10 an manne shi a jiki, banati ma an manne shi, kuma makunnin hayaƙi mai lamba biyar babu shi.